Tarihin Fela Anikulapo Kuti: Makaɗin Da Ya Raɗa Wa Kiɗansa Suna A Akra, Aka Kuma Kore Shi Daga Akra

 A wannan karon mun ɗauko tarihin shahararren makaɗin nan na Najeriya, marigayi Fela Anikulapo Kuti, wanda ya mutu a Legas ranar 2 ga watan Agusta na shekarar 1997 yana da shekara 58 a duniya. Mun san wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwar Jibiya ko Illela ko Aflao da mai busa ƙaho a gidan rawa. Abin da ya haɗa mu da shi hanya ce, wato hanyar nan ta Legas zuwa birnin Akra, wanda iyayenmu fatake ke kira Ankara. A Akra ya raɗa wa kiɗansa suna, a can ya fake lokacin da aka ƙona masa gida, daga can aka tasa ƙeyarsa, sannan daga baya aka ɗaure shi a kan dokar fita da kuɗin waje a daidai shekarar da aka rufe wa 'yan kasuwa iyakokin Najeriya. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin shinge yana jiran a buga masa hatimi zai gane abubuwa da dama a rayuwar wannan mutum.

Asalinsa da gidan da ya tashi

An haifi Olufela Olusegun Oludotun Ransome-Kuti a garin Abeokuta na ƙasar Yarabawa ranar 15 ga watan Oktoba na 1938. Mahaifinsa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, malamin coci ne, shugaban makarantar sakandare ta Abeokuta, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya. Mahaifiyarsa kuwa ita ce Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta jagoranci matan kasuwar Abeokuta wajen yaƙi da harajin da aka ɗora musu da kuma ƙwace musu kaya da ake yi da sunan kayyade farashi. Dubban mata ne suka riƙa zaman dirshan a ƙofar fadar Alake Ademola a shekarun 1947 da 1948, har sai da sarkin ya sauka daga karagarsa na wani lokaci a watan Janairun 1949. Fela yana ɗan shekara tara zuwa goma a lokacin, yana kuma ganin komai da idonsa. Ke nan tun yana yaro ya ga yadda masu tallar barkono da gishiri suka tanƙwara mai mulki.

Gidansu gidan boko ne na sosai. Yayansa Olikoye da ƙanensa Beko duk likitoci suka zama, Olikoye ma har ya riƙe muƙamin ministan lafiya na Najeriya daga 1985 zuwa 1992. Marubucin nan Wole Soyinka shi ma ɗan uwansu ne. Mahaifiyar tasa tana da sanayya da Kwame Nkrumah na Gana, kuma ta hanyarta ne Fela ya fara sanin wannan shugaba, wanda ya riƙe a matsayin gwarzonsa har ƙarshen rayuwarsa.

Karatu a Landan da dawowa gida

A 1958 aka tura shi Landan, inda ya shiga kwalejin koyon kiɗa ta Trinity ya koyi busa ƙahon Turawa da ƙa'idojin tsara kiɗa. A can ya kafa ƙungiyarsa ta farko mai suna Koola Lobitos, a can kuma ya auri matarsa ta farko Remilekun, uwar 'ya'yansa Yeni da Femi da Sola. Ya dawo Najeriya a 1963, ya ɗan yi aiki a gidan rediyon tarayya da ke Legas, amma hankalinsa na kan kiɗa.

Kiɗan da ke tashe a wancan zamani shi ne hailaif, wanda asalinsa daga Gana ya fito. E.T. Mensah, wani mai haɗa magunguna ɗan Akra, shi ne ya riƙa kai shi Najeriya tare da ƙungiyarsa ta Tempos a shekarun 1950, har makaɗan Legas suka ɗauka. Fela ya yi ƙoƙarin gauraya hailaif da kiɗan jaz na Amurka, ya kuma yi sa'ar samun wani gwanin makaɗin ganga, Tony Allen, wanda mahaifiyarsa 'yar Gana ce. Sai dai kasuwa ba ta buɗe masa ba. Mutane na yaba gwanintarsa, amma ba su cika masa gidan rawa.

Akra, inda kiɗan ya sami suna

Kafin mu ci gaba, yana da kyau mu tuna wa mai karatu yadda Akra take a wancan lokaci. Zangunan Hausawa sun daɗe da kafuwa a birnin albarkacin cinikin goro da shanu. Sabon Zango dai Malam Baƙo ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20, Nima kuwa ta faro ne a farkon shekarun 1930 daga filin da wani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya samu daga hannun 'yan ƙasa, sannan Mamobi ta bunƙasa a gefenta. Bayan yaƙin duniya na biyu waɗannan unguwanni suka cika da Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Mosawa, Kotokoli, Yarabawa da mutanen arewacin Gana, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su. Daga Nima zuwa shataletalen Kwame Nkrumah tafiya ce kaɗan, a kewayen shataletalen nan kuwa, wajen Adabraka da Kokomlemle, nan gidajen rawa na birnin suka yi yawa. Layin Tip Toe da 'yan kasuwa suka sani da cinikin wayoyin hannu, sunan wani tsohon gidan rawa ne ya gada.

A tsakiyar shekarun 1960 wani makaɗi ɗan Saliyo mai suna Geraldo Pino ya girgiza Akra da Legas da irin kiɗan James Brown na Amurka, yana tafe da manyan lasifikoki da kayan kiɗa na zamani waɗanda babu mai irinsu. Matasa suka juya wa hailaif baya suka koma wajensa. Wannan abu ya dami Fela ƙwarai. A 1967 ya fara zuwa wasa Gana, inda ya ƙulla abota da Faisal Helwani, wani matashi haifaffen Gana mai asali da Labanon da ke shirya wasannin makaɗa. A wannan zirga-zirga tasa ta Akra, tsakanin 1967 da 1968, ya fahimci abin da kowane ɗan kasuwa ya sani, wato hajar da ba ta da suna da tambarin kanta a cikin ta wasu take ɓacewa. Sai ya raɗa wa nasa kiɗan suna Afrobit, ma'ana bugun Afirka. Sunan ya riga kiɗan nuna, domin sai bayan wasu shekaru ne salon ya tsaya da ƙafarsa.

Tafiyar Amurka da ta sauya shi

A 1969 ya kwashi yaransa zuwa Amurka, suka shafe kusan wata goma, akasari a birnin Los Angeles, cikin talauci da matsalar takardun zama. A can ya haɗu da wata baƙar fatar Amurka mai suna Sandra Smith, wadda ke cikin masu fafutukar 'yancin baƙar fata. Ita ce ta ba shi littafin tarihin Malcolm X da wasu littattafai kan Afirka, ta kuma nuna masa cewa waƙar soyayya da ta miya ba za ta amfani mutanensa da komai ba. Ya tafi Amurka yana makaɗin nishaɗi, ya dawo a 1970 da aniyar mayar da kiɗa makamin faɗa da zalunci.

Yana can Amurka ne wani babban al'amari ya auku wa zangunan Gana. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya bar ƙasar. Ɗaruruwan dubban mutane, 'yan Najeriya da Nijar da Togo da sauransu, suka karyar da kayansu suka fita, cikinsu har da waɗanda a Nima ko Kumasi aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. Wannan ita ce Afirkar da Fela ya dawo ya tarar, wadda baƙar fata ke korar baƙar fata a kan takarda, ga kuma yaƙin basasar Najeriya da bai daɗe da ƙarewa ba.

Ya sauya wa ƙungiyarsa suna zuwa Africa 70, ya kuma yi wata dabara ta kasuwanci, wato ya rage waƙa da Yarabanci ya koma Turancin Buroka, wanda ɗan dako a Legas da ɗan tasha a Akra da mai kwale-kwale a Duwala duk suna ji. Daga 1971 faya-fayansa suka fara sayuwa kamar ƙosai mai zafi. A 1975 ya jefar da sunan Ransome, wanda ya ce sunan bauta ne, ya ɗauki Anikulapo, ma'ana wanda ya sa mutuwa a aljihu.

Yadda ake shirya daren kallon Fela

Gidan rawarsa da ya kira Shrine yana cikin otal ɗin Empire a Idi-Oro, yankin Mushin, ba nisa da Idi-Araba inda Hausawa ke da yawa. Kallon Fela ba abu ne da mutum zai biya a kan hanyarsa ta komawa gida ba, sai ya tsara yininsa gaba ɗaya a kai. Da farko sai ya zaɓi rana, domin kowace da irin nata. Talata daren mata ne. Juma'a daren zambo ne da ake kira Yabis, inda Fela ke tsayawa ya daɗe yana tsokaci kan labaran mako, yana kiran sunayen manyan gwamnati da na kamfanoni yana yi musu ba'a, jama'a na mayar masa. Asabar ita ce ranar cikakken wasa da 'yan rawa cikin kwalliya. Lahadi kuwa akan fara da wuri saboda masu zuwa aiki Litinin.

Wanda ya san kan abin yakan rufe shago da wuri ya ɗan runtsa, ya ci abinci mai riƙe ciki, ya ware kuɗin shiga daban da na mota, ya kuma nemi abokin tafiya, saboda makaɗan ba su fara ɗumama wuri sai dare ya raba, shi kuwa gogan sai bayan sha biyun dare yake hawa dandamali. Daga nan ba a tashi sai gab da asuba. Mutum ba zai ce zai fita ƙarfe uku ya nemi mota ba, ga 'yan sanda a hanya, ga ɓata-gari, don haka wanda ya shiga ya san sai gari ya waye. Waƙa ɗaya takan kai minti ashirin ko talatin. Ganguna da jita za su daɗe suna maimaita bugu ɗaya, masu ƙaho su shigo, shi kuma ya zagaya tsakanin saksafon da piyanon lantarki, sai can tsakiya ya buɗe baki, 'yan amshi mata na karɓa masa, kamar dai yadda muka saba gani wajen makaɗan kalangu da 'yan amshinsu. A tsakiyar dare kuma yakan dakatar da komai ya je gaban wani wurin tsafi da ya kafa da hotunan Nkrumah da Malcolm X da Lumumba.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta sa dole a je a gan shi da ido. Da zarar ya naɗi waƙa a faifai, ya daina yin ta a wasa ke nan, ko nawa za a ba shi. Wanda ya je Shrine sabon kaya yake ji, wanda bai shiga kasuwa ba tukuna, wani lokaci ma sai an shekara ana jin waƙa a can kafin ta fito. Kamfanonin Turai sun so ya gajarta waƙoƙinsa don su shiga rediyo, ya ƙi. Haka kuma daren ba na makaɗa kaɗai ba ne, domin a kewayen gidan wata kasuwa ce ke ci ta masu abinci, masu sigari da direbobin tasi. Haka abin yake a ko'ina, a Legas ko Akra, duk inda gidan wasa ya cika to mai tsire, wanda mutanen Gana ke kira cicinga, da mai shayi su ma dare ya yi musu kyau.

Baƙi daga duniyar kiɗan rok

Labarin wannan dare ya kai kunnen manyan makaɗan Turai da Amurka. Yaran James Brown sun je sun kalle shi a Legas a ƙarshen 1970. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar rok ta Cream a Ingila, ya keto Sahara da mota a 1971 ta Aljeriya da Nijar har Najeriya, kuma a shekarar suka fitar da faifai tare da Fela. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya zo Legas a 1973 don naɗar faifansa, ya je Shrine, Fela kuwa ya zarge shi a bainar jama'a da zuwa satar kiɗan baƙar fata, har sai da Baturen ya kunna masa abin da ya naɗa ya ji babu nasa a ciki.

A Gana ma zamanin gauraya rok da gangunan gida ne. 'Yan Gana uku, Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio, sun kafa Osibisa a Landan a 1969. Ranar 6 ga Maris na 1971 aka yi gagarumin wasan Soul to Soul a dandalin Black Star na Akra, inda Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka kwana suna kiɗa. Abokin Fela, Faisal Helwani, ya buɗe gidan rawa na Napoleon a unguwar Osu, inda ƙungiyoyin matasa irin su Hedzoleh Soundz da Basa-Basa ke wasa. Fela ne ya haɗa mai busa ƙahon nan na Afirka ta Kudu, Hugh Masekela, da Hedzoleh a 1973, suka yi faifan da ya kai su Amurka. Daga baya salon Fela ya shiga jinin wani reshe na makaɗan rok masu kauce wa hanyar da manyan kamfanoni suka shata, musamman ƙungiyar Talking Heads ta Amurka a faifanta na 1980.

Ƙona Kalakuta

Gidansa da ke kan titin Agege Motor Road ya kewaye shi da waya ya kira shi Jamhuriyar Kalakuta, ya ce dokar Najeriya ba ta aiki a ciki. Mutane da dama ke zaune a wurin, akwai ɗakin naɗar waƙa da ɗan asibitin da ƙanensa Beko ke kula da shi. Tun 1974 'yan sanda ke kai masa samame kan tabar wiwi, kuma kowane kamu sai ya mayar da shi waƙa. A 1976 ya fitar da Zombie, waƙar da ta kwatanta soja da gawar da ke tafiya sai yadda aka juya ta. Yara suka riƙa tsokanar sojoji da ita a titi. A farkon 1977, lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, ya ƙi shiga shirin gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, manyan baƙi irin su Stevie Wonder kuma suka riƙa tururuwa zuwa Shrine.

Kwana shida da rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairun 1977, sojoji kimanin dubu suka kewaye Kalakuta. Sun lakaɗa wa mutanen gidan duka, sun ci zarafin mata, sun jefo mahaifiyarsa mai shekara 76 daga tagar bene, sannan suka banka wa gidan wuta. Kayan kiɗa, motoci da sautin wani fim na tarihin rayuwarsa da aka ɗauki wani ɓangarensa a Gana duk suka ƙone. Kwamitin binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. Tsohuwar ba ta sake samun lafiya ba har ta rasu ranar 13 ga Afrilun 1978.

Mafaka a Akra da kora daga Akra

Da aka rufe masa gidan rawa aka hana shi wasa a Legas, sai ya kwashi jama'arsa zuwa Akra a ƙarshen 1977. Sai dai ya gudu daga hannun soja ne ya faɗa hannun soja, domin Janar Ignatius Acheampong ke mulkin Gana tun 1972. Kaya sun yi ƙaranci a kantuna, darajar sidi ta zube, sukari da madara da sabulu sai ta bayan fage, abin da 'yan Gana suka kira kalabule, kalmar da wasu masana ke dangantawa da Hausa. Ɗalibai da lauyoyi da likitoci na ta bore. A cikin wannan yanayi ɗaliban Gana suka ɗauki Zombie suka mayar da ita tasu, domin kakin soja ɗaya ne ko a Legas ko a Akra. A wani wasa da ya yi a birnin a 1978 tarzoma ta ɓarke ana cikin wannan waƙa. A watan Fabrairun shekarar ya je Legas ya auri mata 27 a rana ɗaya, akasarinsu 'yan rawa da 'yan amshinsa, da ya koma Akra sai hukumomi suka mayar da shi Najeriya, suka haramta masa shiga ƙasar. Wannan kuwa ya faru ne shekara uku kacal da kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975.

A ƙarshen 1978, bayan wani wasa a Barlin ta Jamus, yawancin yaransa suka watse saboda rikicin kuɗi, har da Tony Allen. Ya kafa jam'iyya ya nemi tsayawa takarar shugaban ƙasa a 1979, hukumar zaɓe ta ƙi yi mata rajista. Gab da Obasanjo zai miƙa mulki, Fela da mutanensa suka kai akwatin gawa ƙofar barikin Dodan don tunawa da mahaifiyarsa. Daga nan ya kafa sabuwar ƙungiya, Egypt 80, da sabon Shrine a Ikeja.

Shingen kwastan da kurkuku

Shekarun da suka biyo baya sun yi wa masu bin hanyar Legas zuwa Akra tsanani. A Agustan 1979 sojojin Rawlings suka rushe kasuwar Makola da sunan yaƙi da ɓoye kaya. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 aka kafa dokar hana fitar dare a Gana wadda ta kai har 1984, gidajen rawa suka mutu, makaɗa da dama suka yi hijira zuwa Najeriya da Jamus, masu sana'ar dare kuma suka rasa abin yi. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takarda, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya da jakunkunan nan da har yau ake kira Gana-mas-go. A ƙarshen wannan shekara Fela ya naɗi wata waƙa a birnin Amsterdam mai suna Custom Check Point, wadda ke magana kan iyakokin da Turawa suka yanka wa Afirka da shingayen da muka gada muna tsare juna a kansu. Tafiyar Legas zuwa Akra ba ta kai kilomita 500 ba, amma sai mutum ya ƙetare iyaka uku, ya ratsa Binin da Togo, ya taɓa kuɗi iri uku.

A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin naira ta rufe iyakokin ƙasa, kasuwannin kan iyaka suka yi tsit. A watan Satumba aka kama Fela a filin jirgin saman Legas zai tafi wasa Amurka, aka tuhume shi da yunƙurin fita da fam 1,600 na Ingila ba bisa ƙa'ida ba, aka yanke masa shekara biyar. Ƙungiyar Amnesty International ta ce ɗaurin siyasa ne. Ya yi kusan wata 20 a tsare, har da zama a kurkukun Maiduguri, kafin gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sake shi a Afrilun 1986, 'yan makonni bayan an sake buɗe iyakokin. A watan Yunin shekarar ya hau dandamali a Amurka a wasan Amnesty tare da manyan makaɗan rok irin su U2 da Peter Gabriel.

Inda aka fi sukarsa

Tarihi ba ya cika sai an faɗi ɗaci da zaƙi. Fela ya sha tabar wiwi a fili ya kuma tallata ta, matasa da yawa suka yi koyi da shi suka lalace. Ra'ayinsa kan mata ya jawo masa suka, matan nan 27 ma ya rabu da waɗanda suka rage bayan fitowarsa daga kurkuku. Ya soki Musulunci da Kiristanci duka a waƙoƙinsa, abin da ya nisanta shi da jama'a da dama a Arewa da zanguna, ko da sun yarda da abin da yake faɗa kan cin hanci. Mai wa'azin 'yanci ne a waje, amma a cikin gidansa maganarsa ce doka, yaransa kuma sun sha kukan rashin biya. Daga 1981 ya faɗa hannun wani mai siddabaru ɗan Gana da ake kira Farfesa Hindu, lamarin da ya raba shi da wasu makusantansa. Mafi muni, ya ƙaryata samuwar cutar ƙanjamau ya kuma ƙi maganin asibiti.

Mutuwarsa da abin da ya bari

Cutar da ya ƙaryata ita ce ta yi ajalinsa. Washegarin mutuwarsa yayansa Farfesa Olikoye ya fito gaban 'yan jarida ya faɗi gaskiyar abin da ya kashe shi, a zamanin da iyalai ke ɓoye irin wannan, kuma wannan magana ta farkar da mutane da yawa, musamman matafiya da direbobin dogon zango. Dubun dubatar jama'a suka yi dafifi a dandalin Tafawa Ɓalewa don ganin gawarsa, aka binne shi a gidansa da ke Ikeja, wanda aka mayar gidan tarihi a 2012.

Ya bar faya-fayai sama da 50. 'Ya'yansa Yeni da Femi sun buɗe sabon Shrine a Ikeja a shekarar 2000, ƙaninsu Seun ya gaji ƙungiyar Egypt 80, an kuma fara bikin tunawa da shi na Felabration tun 1998. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci sabon Shrine a 2018. An sa sunansa cikin waɗanda ake zaɓa don shiga zauren girmama makaɗan rok na Amurka a 2021 da 2022, sannan a 2025 masu kyautar Grammy suka shigar da Zombie cikin faya-fayan tarihi. A Nima kuwa, a shekarun 1990 matasan unguwar suka kafa ƙungiyar VIP, suna waƙa da Hausa da Turancin Buroka da harshen Tuwi, suna kuma shirya wasan Sallah a titin unguwar, wato sun bi dabarar nan ta yi wa talaka magana da harshen da yake ciniki da shi.

Mu 'yan kasuwar kan iyaka ba sai mun yarda da rayuwar Fela ba kafin mu ɗauki abin da ke cikinta. Ɗan manyan gida ne da zai iya zama a Landan ya tara dukiya, amma ya zaɓi ya faɗi abin da mai ɗan tebur da ɗan dako ke faɗa a ɓoye game da shinge, cin hanci da duka, ya kuma biya da gidansa, mahaifiyarsa da lafiyar jikinsa. Yarjejeniyar zirga-zirga ba tare da biza ba ta ECOWAS tana nan a takarda tun 1979, amma an sake rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, a daidai lokacin da ake rufe wa 'yan Najeriya shaguna a Akra da Kumasi. Maganar da ya tayar ke nan ba ta ƙare ba, kuma mu da muke bin hanyar mu ne ya kamata mu ci gaba da tayar da ita ta ƙungiyoyinmu na kasuwa.